Binnen Geron Jami'a

Talata, 4 ga Mayu 2010, bayan la'asar

An zaɓe ni! Ni Sha'aibu, da na bar karatun lakwal tun ina aji huɗu, yau malamar jami'a ta kira sunana a gaban jama'a. Don murna har rubutun ya karkace.

Ga yadda aka yi. An tara mu a rumfar Alhaji Rabi'u, mai sayar da hatsi da iri a bakin kasuwa. Wata mata ta zo tun daga Yamai, Madam Salamatu, gajeriya, da takalmin maza a ƙafarta. Ta buɗe tafin hannu ta nuna mana gero. Ta ce shekaru suka yi suna zaɓensa a gonar jami'a. Ba ya jiran doguwar damina. Ko ruwa ya ɗauke da wuri irin na bara, shi ya riga ya nuna. Sai dai abin da ke hannunsu kaɗan ne. Ta ce su sun iya fitar da iri amma ba su san hanyar kasuwa ba, Alhaji kuma ya san kasuwa amma bai iya fitar da iri ba. Shi ne suka haɗa kai. Mu za mu shuka ya yawaita, jami'a ta riƙa dubawa, da kaka Alhaji ya saya ya ƙulla a ƙananan ledoji ya kai kasuwannin Tsauni da Dawce da Kance, kowa ya samu.

Alhaji ya ce, "Ku ji da kyau, ni ba sadaka na zo yi ba. Manomin da ya gudu Kano ba ya sayen iri a wurina." Aka yi dariya.

Ni da wasu mutum huɗu na ƙauye aka ba. Ni saboda gonarmu ta tudu, wadda kowa ke mana dariyar nisanta. Madam ta ce nisan take so, don kada geron wasu ya gauraya da nata. Gonar da Baba ya rasu yana ba mu haƙuri a kanta!

Sharaɗi uku ta kafa. Kada a haɗa shi da irinmu. Kada a shuka sai an yi ruwan da ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Sannan ga wani jan gari a leda, maganin ƙwari da ɓeraye, ranar shuka kawai za a cuɗa. Ta ce guba ne, ta maimaita.

Abokina Shekara ya raka ni gida yana cewa a kauce, ga Farfesa.

Alhamis, 6 ga Mayu, da hantsi

Buhun ƙarami ne, yaro ma ya ɗauka. Ban sa shi a rumbu ba, rumbu ba kowa sai ɓeraye. Na rataye shi a azarar ɗakina. In na kwanta yana saitin fuskata.

Inna ta zo ta ce in nuna mata. Ta ɗibi kaɗan ta murza, ta shinshina, ta sa ƙwaya ɗaya a baki. Ta ce, "Auta, wannan ne ya yi karatu?" Na ce shi ne. Ta ce to bai fi namu kyan gani ba. Amma ta daɗe kafin ta mayar da na hannunta.

Na kafa kwalbar awon ruwa da Madam ta ba ni a tsakiyar gona, a kan turke. Ba komai cikinta, amma sau biyu na koma na gyara mata tsayuwa. Ina ta ganin ledojin nan a kasuwar Dawce, wani tsoho yana cewa a ba shi na gonar Sha'aibu. Allah ya nuna mana.

Lahadi, 9 ga Mayu, bayan azahar

A rediyo sojojin da suka karɓi mulki sun sake faɗin kalmar nan da bara ba mai iya faɗa a fili: yunwa. Shekara ya ce, "Ka ga ci gaba. Da a ɓoye muke jin ta, yanzu da izinin hukuma."

An ce an kawo hatsi mai rahusa. Na bi layi tun safe, soja na gyara mu da bakin bulala, ba duka dai. Kafin a zo kanmu aka rufe ƙofa. Ba komai, wani zai zo.

Inna da matata Mariama sun je daji ɗibar anza, 'ya'yan itacen da ake ci in hatsi ya ƙare. Sai an jiƙa ta an zubar da ruwan, an sake, an sake, kafin ɗacin ya ragu. Ba ya fita duka.

Na gama sharar gona rabi. Ƙasar tudu laushi gare ta, wallahi kamar gari.

Laraba, 12 ga Mayu, da safe

Buhu yana nan.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan masallaci

Madam ta kira a salular Shekara! Ya kawo mini da gudu yana cewa Yamai na neman Farfesa. Ta tambayi iri, na ce lafiya lau. Ta tambayi gida, na ce lafiya lau. Ta ce masu duban sama sun ce damina za ta ɗan makara, in yi haƙuri. Na ce Madam, haƙuri ai shi ne sana'ata. Ta yi dariya. Malamar jami'a ta yi dariyar maganata!

Yayana Iliyasu yana Legas tun bayan sallah. Kowace shekara war haka ya dawo da kaya a ka. Bana ba shi, ba saƙo. Duk unguwa haka ne, gidaje sai mata da tsofaffi.

'Yarmu Indo ta rage kuka. Na fi son lokacin da take hana mu barci.

Asabar, 15 ga Mayu, da hantsi

Ni in na ɗaure buhu, ɗauri biyu nake yi in soke bakin igiyar ciki. Yau na ga zarge, irin wanda ake yi wa bakin zane.

Wataƙila ni ne na manta. Buhu yana nan.

Litinin, 17 ga Mayu, da yamma

An yi kunu. Indo ta sha har tana buga ludayi a ƙasa. Ni ma an miƙo mini. Na sha.

Talata, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na raka Shekara tasha, ya tafi Kano. Kafin mota ta cika muka zauna a gindin bishiyar bedi. Ban gaya masa komai ba, amma shi Shekara ba a gaya masa abu. Ya ce, "Farfesa, jan garin nan da aka ba ka, ka cuɗa shi yau. In ya yi ja ba mai taɓawa."

Na ce, in aka taɓa fa?

Ya dube ni. Can ya ce, "To ka ɗauko shi mu tafi tare. Ka sayar da shayi wata biyu, ka dawo da abin sawa a tukunya. Gero ba ya ruɓewa."

Na ce in ruwa ya sauka ina Kano fa, wa zai shuka? Ya ce jami'a ta zo ta shuka abinta, ai suna da takalma. Har direba ya yi dariya. Ya shiga mota, ya leƙo ya ce in gero ya yi in ajiye masa leda ɗaya, kyauta, don shi ya fara kirana Farfesa.

Na so in kai wa Alhaji ajiya. Na je har bakin rumfarsa. To in ya ɗaga buhun ya ji, me zan ce? Na gaishe shi na wuce.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan azahar

Ina gyaran ƙotar sungumi a tsakar gida Inna ta zo ta tsaya a kaina. Mariama na ɗaki. Inna ba ta dube ni ba, bango take kallo. Ta ce, "Auta, ka fitar mini da abin nan daga gidan nan."

Na ce ina zan kai shi, Inna?

Ta ce, "Inda ubanka ke kai nasa in shekara ta yi tsanani. Ka binne."

Na ce Madam ta hana, sai an yi ruwa. In aka yi binne aka samu yayyafi, zai tsiro ya ƙone, shi ke nan an yi asara.

Ta ce, "Na sani. Na yi binne tun ba a haife ka ba, na ci riba, na kuma yi kuka. Ita Madam ba ta yi ƙarya ba. Amma ita ba a ɗakin nan take kwana ba."

Ta koma wajen anzarta. Na daɗe riƙe da sungumin.

Gobe da asuba.

Juma'a, 21 ga Mayu, da hantsi

An yi! Geron jami'a yana cikin ƙasa!

Mun fita gari bai gama wayewa ba. A gona na cuɗa jan garin, na sa leda a hannu yadda aka nuna mana. Ina gaba da sungumi ina sara, Mariama na zuba iri da Indo a bayanta, Inna na biye tana rufewa da diddige. Busasshiyar ƙasa, in ka sara ramin na neman cikewa da kansa. Na zurfafa don kada zabi su tono. Inna sai faɗa take, wai layina ya karkace kamar rubutuna. Mariama ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta na manta.

Irin bai kai ƙarshen gona ba. Ya kamata ya kai. Na ce musu ai ni na cika hannu wajen awo.

Mun wanke hannu da toka sosai. Na ninke buhun na sa a aljihu. Da muka dawo na kwanta na dubi azara, ba komai sai igiya. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ko waƙa na yi.

Litinin, 24 ga Mayu, bayan azahar

An fita roƙon ruwa, gari duka, har da sojan da ke gadin ofishin hatsi ya ajiye hularsa ya bi sahu. Liman na addu'a muna amin. Kowa na cewa ko ɗigo ne Allah ya ba mu. Ni a zuciyata ina cewa ya Allah mai yawa, in ba mai yawa ba ne a dakata tukuna. Sai na ji kunya, ga tsoho kusa da ni yana hawaye. Allah ya san abin da na binne.

Laraba, 26 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, yara na ihu. Aka yi yayyafi. Ko ƙasan kwalbar bai rufe ba.

Asabar, 29 ga Mayu, da safe

Na tona ramuka. A saman tudu ƙwayar na nan a bushe, ja, lafiyarta ƙalau, kamar jiya na sa ta. A gangare, inda ɗan ruwan ya taru, ta kumbura ta fitar da farin zare. Rana kuma ta fito kamar da gayya.

Na ɗebo ruwa a jarka daga rijiyar makiyaya na bi layi biyu ina ɗigawa. Sai na ga haukan abin na zauna.

Sama yana nan. Saman tudu yana nan.

Talata, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Sun zo. Ba sanarwa, sai ƙarar mota a ƙofar gida, Madam da Alhaji. Yawon duba iri suke, gida gida.

Madam ta ce, "Malam Sha'aibu, ina ajiyarmu?" Na ciro buhun daga aljihu na miƙa mata. Alhaji ya ce, "Inna lillahi. Kai ma?"

Na ce yana gona. Na yi binne.

Muka ɗunguma zuwa gona. Ta durƙusa a gangare ta tona da yatsa, ta ciro tsiron da ya bushe ya zama kamar gashi. Ta ɗora a tafin hannu ta nuna mini. Ta ce, "Ka ga abin da na ce? Ka san shekara nawa aka yi kafin a samu wannan? Me ya sa ba ka jira ba? Kai da ka ce haƙuri ne sana'arka."

Gaskiyarta. Na sunkuyar da kai. Ta hau tudu ta tona nan, ta tona can, ta samu jajayen ƙwayoyi. Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce gangare ya tafi, kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran in an yi ruwan kirki kafin zafi ya dafa shi, to. In aka sake yayyafi, shi ke nan.

Alhaji ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "Madam, ki gaya masa mana." Ita ba ta so, shi ya faɗa. Cikin mutum huɗun nan, uku ba ko ƙwaya. Ɗaya ya ce ɓeraye, ɗaya ya ce ɓarawo, ɗaya ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Na huɗun ya kulle gida ya yi Najeriya da iyalinsa, ba a san inda buhun yake ba.

Wato a duk ƙasar Matameye, geron jami'a wanda ya rage shi ne wanda muke tsaye a kansa. Na ɗaga ƙafata ba shiri.

Da muka koma gida Inna ta kawo musu ruwa. Madam ta sha, idonta ya faɗa kan ƙwaryar anza da ke jiƙe a bakin murhu. Ta dubi Indo. Ta ce, "Inna, tun yaushe?" Inna ta ce, "Ai mun gode Allah, 'yata." Madam ba ta sake tambayata dalili ba.

A bakin mota na ji suna ja-in-ja. Tana cewa laifin tsarin ne, ba a kai iri gidan da tukunya ke kife a ce a jira ruwa. Alhaji yana cewa, "To ai da kun tambaye ni! Ku kuna auna ruwan sama, ni ina auna cikin mutane." Ta ce, "Ai kana zaune aka tsara, Alhaji, kana cin goro." Ya ce goron ne ya rufe masa baki. Suka yi dariya, ba mai daɗi sosai ba. Suka tsayar cewa baɗi iri zai zauna a ɗakin ajiyar Alhaji sai ranar da ruwa ya sauka, a raba da mota a yini ɗaya.

In akwai irin baɗi ke nan.

Alhamis, 3 ga Yuni, da hantsi

Amalanke ya tsaya a ƙofarmu da masara, wai Alhaji ne ya aiko. Na je wurin Alhaji na ce ban gane ba. Ya ce, "Na gaya maka ni ba na sadaka. Kasuwata ta baɗi tana kwance a tudunka, zabi da kurege na yawo a kai. Na ɗauke ka gadi. Mai gadi kuma da ciki yake gadi. Tashi ka ba ni wuri."

An yi tuwo. Indo ta yi kuka da aka ɗauke kwanon, kuka sosai, har maƙwabta suka ji. Alhamdu lillahi.

Na kafa 'yar bukka a tudu.

Asabar, 5 ga Yuni, da azahar

Ba hadari. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Na tona rami ɗaya kawai. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ba.

Lahadi, 6 ga Yuni, da azahar

Na ƙara. Yana nan.

Talata, 8 ga Yuni, da magariba

RUWA! Ruwa, ruwa, ruwa!

Tun azahar gabas ta yi baƙi. Na ce kada ka sa rai, Sha'aibu. Iska ta ɗauke bukkata ta yi gaba da ita, ban ko bi ta ba. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, na ce ya Allah kada ka tsaya nan. Bai tsaya ba! Ya zuba, ya zuba, har ba na ganin turken kwalba. Na tsaya a tsakiyar gona ina ihu ni kaɗai, ban san me nake cewa ba. Da ya tsagaita na tura hannu cikin ƙasa, har gwiwar hannu danshi ne. Kwalba ta wuce duk zanen da Madam ta nuna mini.

Na dawo gari a jiƙe, na wuce rumfar Alhaji. Ya kira Madam ya sa mini salula a kunne. Na ce Madam har gwiwar hannu! Ta ce in karanta mata kwalba. Na karanta. Sai na ji tana gaya wa wasu da Faransanci, suna tafi. A Yamai ana tafa wa tudunmu!

Ta ce saura mu ga ko zafi ya bar shi da rai.

Laraba, 9 ga Yuni, da safe

Ba komai tukuna. Kowa na gonarsa yana shuka. Ni ina zaune ina kallon ƙasa.

Juma'a, 11 ga Yuni, da hantsi

Ya fito!

Na iso rana na ɗagowa, na tsuguna na duba ta gefe, sai ga su, kore, sirara kamar allura, rami bayan rami, layi bayan layi har saman tudu. Layin ma a karkace, yadda Inna ta ce. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar karkacewar nan ba. Na bi su ina gaishe su. Wani makiyayi ya tsaya yana kallona, na ce zo ka ga ɗan jami'a.

Gangare kuwa fili ne fetal. Da wancan ƙarshen da iri bai kai ba. In na dubi sama in yi dariya, in na dubi ƙasa in yi shiru. Da azahar an ƙara ruwa.

Asabar, 12 ga Yuni, bayan azahar

Da safe Inna ta ce za ta bi ni gona. Na ce da nisa, ta ce ta san nisan tun kafin ni. Ta ce in ɗauko sungumi.

Ta ga tsiron, ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa. Ta wuce gangare ta tsaya. Sai ta kama bakin zanenta ta fara kwance wani ƙulli. Zarge ne. Na san shi.

Gero ne a ciki, cikin tafi biyu ko fiye kaɗan, fari tas, bai taɓa ganin jan gari ba.

Ta ce, "Mai binne ba ya zuba duka, Auta. Ana rage na cike gurbi. Su a jami'a ban sani ba ko an koya musu."

Na ce Inna, duk kwanakin anzar nan yana jikinki?

Ta ce, "Ba duka na daka ba."

Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ba zai cika gangaren ba, ko rabi. Ta ce in daina tsayuwa kamar turke, ƙasa na shan iska.

Na sara, ta zuba, ta rufe da diddige.